Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Bin Motsin Kai Don Wasan Tuƙin Jirgin Sama Da Kayan Kasuwar Garwa

Duk wanda ya taɓa tuƙa jirgi a kwamfuta ya san tashi ba ya ba da wahala. Ka tura mai, ka ja sanda, ƙasa ta sake ka. A wajen sauka ne gizo ke saƙar. Ka tashi daga filin jirgin Garwa a ƙaramin Cessna 172, ka zagayo, titin da za ka sauka yana gefen hagunka, can ya koma bayan kafaɗarka, allon gabanka kuwa ba abin da yake nuna maka sai hancin jirgi da sararin sama. Hannu ɗaya na kan sanda, ɗaya na kan mai, babu na ukun da zai kama linzami ya juya maka kallo. Matuƙin gaske waiwayawa kawai yake yi. Wannan waiwayen shi ne na'urar bin motsin kai take mayar maka: ka karkata kai kaɗan, kallon cikin wasan ya bi ka, ka sunkuya, agogon tsayi ya matso kusa da idonka.

Wadda ta fi suna ita ce TrackIR ta kamfanin NaturalPoint da ke Amurka, samfurinta na 5 ya fito tun 2009 kuma har yau shi ake sayarwa. Kuɗinta dalar Amurka 150 ne ko fiye, wato ya doshi jaka 100 na sefa tun kafin a yi maganar wanda zai kawo maka ita Garwa ko Marwa ko Njamena. Ni ban saya ba, kuma ba na ganin akwai dalilin da zai sa ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya saya. Abin da ke cikinta ba sihiri ba ne. Kyamara ce da ƙwayayen fitila guda 3 da manhaja. Manhajar akwai ta kyauta mai suna OpenTrack, ƙwayayen suna nan zube cikin matattun rimot, kyamarar kuma ana samunta wajen masu gidan wasan bidiyo. Sai dai tun yanzu ka sani, haɗa kayan shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin guda 2 ne: kare kyamara daga ranar ƙasarmu, da saita yadda kallon zai riƙa bin wuyanka.

Yadda abin yake aiki

Kan mutum yana motsi iri 6. Uku juyi ne: waiwaye hagu da dama, ɗagawa da sunkuyarwa, da karkatar da kunne wajen kafaɗa. Uku kuma matsawa ce: gefe, sama da ƙasa, gaba da baya. Idan aka kafa ƙwayaye 3 a jikin abu mai tauri, aka gaya wa manhaja tazarar da ke tsakaninsu, to daga yadda ɗigo ukun suka bayyana a idon kyamara za ta lissafa inda kanka yake da inda ya fuskanta. Ƙwayayen suna ba da hasken infirared ne, irin wanda idon mutum ba ya gani, don kada su dame ka, kuma don a iya toshe wa kyamara duk wani haske a bar mata su kaɗai. Abin da ake kafa su a kai yana maƙale ne a gefen hedfon, wanda mu nan muke ce wa kaske, yana leƙowa gaba ta gefen kunci. Zan riƙa ce masa ƙaho.

Kafin ka taɓa dalma, gwada da abin da ke hannunka

Akwai mutanen da wannan abu yake sa wa jiri, saboda haka kada ka kashe ko dala sai ka ɗanɗana. Sauke OpenTrack daga shafinta na GitHub, ba ta da nauyi. Idan kwamfutarka tana da kyamara, buɗe manhajar, a akwatin Input ka zaɓi neuralnet tracker, a akwatin Output ka zaɓi freetrack 2.0 Enhanced, ka danna Start. Wannan tsari fuskarka yake bi kai tsaye, ba ya neman ƙaho. Za ka ga hoton wata halittar ruwa mai hannuwa da yawa tana juyawa yadda kake juya kai. In ta motsa, to ka buɗe wasan.

Hanya ta biyu wayar hannu ce. Akwai manhajoji irin su SmoothTrack, ta kuɗi ce amma ba tsada, da ke karanta fuska da kyamarar gaban waya su aika wa kwamfuta. A OpenTrack sai ka zaɓi UDP over network, wadda ke saurare ta ƙofa mai lamba 4242, a wayar kuma ka rubuta adireshin IP na kwamfutar da wannan lamba. Dole su kasance kan Wi-Fi ɗaya, ko ka kunna hospot na wayar kwamfuta ta hau. Saƙon tsakaninsu yake yawo, ba ya cin data. Idan Windows ta tambaye ka ko ta bar OpenTrack ta karɓi saƙo, ka amince, in ba haka ba za ka zauna kana jira ba abin da zai iso.

Wani zai ce to me ya rage? Ga wanda ke da ɗaki mai haske da kwamfuta mai ƙarfi, ba abin da ya rage, ya tsaya nan. Amma bin fuska yana son haske a fuskar, mu kuwa yawancin wasanmu da dare ne, sau da yawa an ɗauke wuta muna kan batir. Sannan yana cin ƙarfin kwamfuta, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, laftof da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Waya ma in ta yi rabin awa kyamararta a buɗe sai ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Ƙaho ba ruwansa da duhu, duhun ma ya fi so, kuma lissafin ɗigo 3 ba ya wahalar da ko tsohuwar kwamfuta.

Kayan da za ka nema

Ƙwayayen infirared 3, iri ɗaya. Masu wannan harka a Turai sun fi son samfurin SFH 485 P na Osram saboda kansa a baje yake, haskensa na bazuwa. In kana da mai zuwa Duwala ko Kano ka ba shi sautu. In babu, rimot ɗin talabijin ko na dikoda, telekomand a bakin mutanenmu, kowanne da ƙwai ɗaya a goshinsa.

Nawa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a babbar kasuwa na samo. Na ce, "Baba, matattun telekomand nake nema, guda uku." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, matattu kuma? Me za ka yi da gawa?" Da na yi masa bayani sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da su, ya ce in ba shi wayata. Ya sa wa ɗaya batir, ya saita goshinsa a kyamarar wayar, ya danna. A ido ba komai, amma a fuskar wayar sai ga ɗigo fari mai ɗan shuɗi-shuɗi yana ƙyaftawa. Ya ce, "Wannan ƙwansa da rai, maɓallansa ne suka mutu." Haka muka tace har muka sami uku masu kamfani ɗaya. Riƙe wannan dabara, da ita za ka gwada ƙahonka daga baya. Wasu wayoyin kyamarar bayansu tana tace wannan haske, in ba ka gani ba ka juya ta gaba.

A wajensa kuma za ka sami rezistans, ɗan abin nan mai zobban launi da ke rage ƙarfin wuta. Sai tsohuwar wayar USB, da siririyar waya, da dalma da ƙarfen narka ta, da baƙin salatif, da gam, da samfefa mai laushi, da rula mai milimita. Jikin ƙahon kuwa duk abin da ba ya lanƙwasa kuma ba shi da nauyi ya yi. Ni murfin bokitin fenti na yanka. Siririn filawud ma ya yi. Wayar hanga ba ta yi ba, don kullum ka ajiye ta sai ta ɗan goce, ma'auni ya lalace.

Kyamarar da ta fi dacewa ita ce PS3 Eye, wadda Sony ta fitar a 2007 don PlayStation 3. Dalili ɗaya ne: tana ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa a girman 640 da 480, alhali yawancin ƙananan kyamarorin kwamfuta a 30 suke tsayawa, in haske ya yi ƙasa ma su sauko. Bambancin ana jin sa a wuya. Da 30 kallon yana biyo ka a baya kamar mai jan ƙafa. Tambayi masu gidan wasan bidiyo na unguwa da masu sayar da kayan gwanjo, sau da yawa tana cikin kwalin da aka kawo na'urar ba wanda ya taɓa amfani da ita.

Haɗa ƙahon

Fara da gyaran ƙwayayen. Ƙwan rimot kansa a dunƙule yake don ya harba haske nesa a tsaye, saboda haka da ka ɗan waiwaya sai ya ɓace wa kyamara. Shimfiɗa samfefa a kan tebur, ka kama ƙwan a tsaye ka riƙa goga kansa a hankali har ya baje. Ta cikin robar za ka hango ɗan ƙarfe, ka tsaya saura kamar milimita 2 ka kai gare shi. In ka taɓa shi ƙwan ya tashi aiki. Fuskar da ka goge za ta yi dishi-dishi, haka ake so, kada ka goge ta ta yi sheƙi.

Sai zane. Ka ɗauka kana kallon kan mutum daga gefe, fuskarsa na duban kyamara. Ƙwan tsakiya shi ne ya fi zama baya, kusa da kunne. Na sama yana milimita 40 a bisansa, ya kuma matso gaba da milimita 30. Na ƙasa yana milimita 70 a ƙarƙashinsa, ya matso gaba da milimita 80. Waɗannan su ne lambobin da OpenTrack take zuwa da su. Zana ɗigo ukun a takarda da rula, ka haɗa su da hannuwa biyu masu faɗin ɗan yatsa, ka manna takardar a murfin, ka yanka. Ba dole sai ka dace da lambobin daidai ba. Abin da yake dole shi ne bayan ka gama ka sake aunawa daga kan ƙwai zuwa kan ƙwai, ka rubuta abin da ka samu na gaskiya, don shi za ka ba manhaja. Ƙwayayen ukun su kalli gaba, su kuma kasance a layi ɗaya in an dube su daga gaba, kada wani ya fita hagu ko dama.

Yanzu wuta. Ƙwan yana da ƙafar shiga da ƙafar fita. A yawancin sababbi doguwar ƙafa ce ta shiga, amma a SFH 485 P gajeriyar ce. A wanda aka ciro daga rimot ƙafafun sun zama ɗaya, sai ka duba gindin robar: gefen da aka shafe ya zama miƙaƙƙe, nan ne ƙafar fita. Jera su kamar raƙuman ayari, fitar na farko ta kama shigar na biyu, fitar na biyu ta kama shigar na uku. Feɗe wayar USB, za ka ga ja da baƙa da fara da koriya. Fara da koriya na saƙo ne, yanke su ka naɗe kowacce daban. Ja ita ce bolt 5, ta bi ta cikin rezistans ta shiga ƙwan farko. Baƙa ta kama fitar ƙwai na uku. Wayoyin arha wani lokaci launinsu ba ya bin ƙa'ida, don haka ka sa mai gyara ya taɓa maka da mita.

Lissafin rezistans ba wuya. Kowane ƙwan rimot yana shan kusan bolt 1.3, uku sun sha 3.9, saura 1.1. Ka raba wannan da om 33, wato ƙarfin rezistans ɗin, ka sami miliamfa 33 na wutar da ke gudana, wanda ya ishi kyamarar da ke nesa da kai da kamu uku ko huɗu. Rezistans mai om 33 zobbansa ruwan goro, ruwan goro, baƙi. In SFH 485 P ka samu, su sun ɗan fi shan wuta, om 15 ya dace da su. Kada wani ya ce maka tunda ƙwayayen sun kusa shanye bolt 5 ɗin ba sai an sa rezistans ba. Za su yi haske na 'yan kwanaki, sannan ɗaya ya mutu ya tafi da sauran.

Gwajin farko kada ka yi shi a jikin kwamfuta. Soka a cajar waya, ka duba da kyamarar waya ko ukun sun kama. In waya ta haɗu da waya a inda bai kamata ba, gara caja ta tafi da a ce ramin USB na laftof ne ya ƙone. In ba ko ɗaya da ya kama, kusan kullum ƙwai ɗaya ne aka juya. Da sun kama sai ka bi duk inda dalma take ka rufe da salatif, ka ɗaure ƙahon a hagun kaske da roba ko igiyar leda, ka manne wayar a jikin kasken don kada nauyinta ya riƙa jan ƙahon. Mai son ya rabu da doguwar waya yana iya sa ƙaramin fawabank a aljihu, amma wasunsu suna kashe kansu in abin da ake ja bai da yawa, sai ka gwada naka.

Wanda ba ya sa kaske yana iya kafa ƙwayayen a hular hana-salla, biyu a gefen bakinta ɗaya a samanta, OpenTrack ta san wannan tsarin ma. Hularmu ta gargajiya ba ta da bakin da za a kafa su.

Gyaran kyamara

A bakin PS3 Eye akwai zobe mai juyawa da ɗigo 2. Jan ɗigo yana matso da hoto, faɗin ganinsa digiri 56. Shuɗi yana buɗe shi zuwa 75. In kana zama kusa da allo, shuɗi, don kada ka fita daga idonta in ka leƙa gefe.

Windows ba ta san wannan kyamara da kanta ba, sai an sa mata direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta. Sababbin OpenTrack suna iya magana da ita in ka yi amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna Zadig ka ɗora mata libusb-win32. A nan ka natsu ƙwarai. Zadig tana jero duk abin da ke soke a kwamfutar, har linzami da allon rubutu. Zaɓi wanda sunansa ya fara da USB Camera kuma ya ƙare da Interface 0. In ka ɗora wa linzaminka, zai daina aiki har sai ka cire direban.

Sai tace haske. Ana so a rufe idon kyamara da abin da ke hana hasken gani wucewa amma yake barin infirared. Baƙin faifan da ke cikin tsohon disket, abin ajiye bayanan kwamfuta na da, yana yi, haka ma bakin fim ɗin hoto da aka wanke, wurin da ya yi baƙi ƙirin. Tsofaffin masu ɗaukar hoto da ofisoshin da ba sa zubar da kaya suna da su. Yanka ɗan da'ira ka manna a bakin kyamara da salatif ta gefe.

Akwai kuma wani ɗan gilashi a ciki da kamfani ya sa don ya rage infirared. Za ka ji ana cewa dole a cire shi. Shawarata ka fara gwadawa ba ka cire ba. Sau da yawa ƙwayayen suna ratsa shi. In ɗigon sun fito a raunane ne za ka buɗe. Kyamarar iri 2 ce: a wata gilashin yana can ƙarshen bututun, daf da idon lantarkin, yana walƙiya ja-ja kore-kore, ana iya sassaƙe robar gefensa da reza a ɓamɓare shi. A ɗayar yana binne a tsakiya, wannan ka ƙyale shi, ka rage rezistans zuwa om 22 ƙwayayen su ƙara haske. Bayan cirewa hoton yakan yi hazo, kada ya dame ka, ɗigo ake nema ba kyan fuska ba.

Ɗora kyamarar a saman allo, amma ba a tsakiya ba. Ƙahon yana hagun kanka, to ita ma ta matsa hagu har ta fuskance shi sosai.

Saita OpenTrack

A Input zaɓi PointTracker, ka danna alamar gyara da ke gefensa. A shafin kyamara rubuta 640 da 480, hoto 60, da 56 ko 75 gwargwadon ɗigon da ka juya. A shafin Model zaɓi Clip ka zuba ma'aunanka huɗu. Danna Start, ka buɗe saitin kyamarar ka sauke Exposure da Gain ƙasa sosai har hoton ya zama baƙi ba abin da ya rage sai ɗigo 3. Ja ma'aunin Threshold har manhajar ta rubuta 3 OK. Waiwaya hagu da dama, sama da ƙasa, kana kallon lambar. In ta koma 2 a wani wuri, ko wani ƙwai ya ɓuya bayan hannun ƙahon, ko bai gogu sosai ba.

A shafin Model ɗin dai akwai maɓallin Start calibration. Mutane da yawa suna tsallake shi, daga baya su yi ta ƙorafin in sun waiwaya sai kujerar matuƙi ta zame gefe. Dalili shi ne ƙahon yana gefen kai, manhaja kuwa tana bukatar ta san inda tsakiyar juyin wuyanka yake. Danna shi, ka riƙa waiwaye da ɗaga kai a hankali ba tare da kafaɗa ta motsa ba, har lambobin su daina canzawa, sannan ka tsayar.

A Options, shafin Shortcuts, ba Center, wato mai mayar da kallo tsakiya, maɓalli, wanda babban yatsanka zai kai a jikin sanda. Duk sa'ad da ka gyara zama, ka dubi tsakiyar allo ka danna. In ka waiwaya hagu kallo ya tafi dama, je shafin Output ka sa wa wannan layin alamar Invert. Filter, abin da ke tace rawar motsi, ka bar shi a Accela. Kullum OpenTrack ake fara kunnawa kafin wasa. Microsoft Flight Simulator da DCS World da IL-2 Sturmovik suna ɗauka TrackIR ce aka soka. X-Plane sai ka shiga saitinsa ka kunna TrackIR da hannu. FlightGear, wanda kyauta ne gaba ɗaya, yana da nasa zaɓin a Output.

Rana

Hasken rana cike yake da infirared, kuma disket ba ya tare shi. Sati na farko nawa yana aiki lafiya da dare da safe, amma da la'asar sai kallon ya riƙa fizga, ina kallon gaba sai in tsinci kaina ina kallon rufin jirgi. Na sake dalma, na sake waya, a banza. Ranar da na bar tagar PointTracker a buɗe ina kallo, sai na ga lambar ta koma 4. Ɗigo na huɗu yana can ƙasa ta bayan kafaɗata. Na waiwaya, ashe butar shayi ce ta silba a kan tabarma, rana ta shigo ta tagar yamma ta sauka a cikinta. Na ɗauke butar, lamba ta koma 3.

Don haka ka zauna a inda bayanka bango ne, ba taga ko ƙofa ba. Labule mai kauri ya fi mai kyau. Kwanon rufin maƙwabta in yana haskowa ta taga shi ma ɗigo ne. Haka gilashin tabarau, da agogon bango, da kyandir, da fitilar ƙwai, da garwashin shayi, da tsohon ƙwan lantarki mai zare. Farin ƙwan LED na zamani ba ya damun ta sosai. Duk ranar da kallo ya fara hauka, kafin ka zargi komai buɗe tagar nan ka ƙirga ɗigo.

Lanƙwasar Mapping

Nan ne ake raba na'urar da za a ji daɗinta da wadda za a jefa a kwali. Allo ba ya bin ka, yana nan a gabanka. In ka juya kai digiri 90 don ka ga fiffike, ka daina ganin allon. Saboda haka dole ƙaramin juyi ya haifi babba, ido kuma ya tsaya a allo yayin da kai ke tafiya. Shafin Mapping yana da zane ga kowane motsi: layin ƙasa juyin kanka na gaske, layin tsaye abin da wasa zai yi.

Fara da Yaw, waiwaye. Zauna yadda ka saba, ka juya kai iyakar inda idonka ke ganin allo ba tare da ka ji ja a wuya ba. Ga yawancin mutane wajen digiri 30 ne. Wannan ne ƙarshen zanenka. A jirgin fasinja ko Cessna ka sa 30 ɗin ta ba da kamar 120, ya isa ka ga bayan fiffike. A jirgin yaƙi, inda ake duba wutsiya, ka kai ta 170 ko 180. Sai dai kada ka ja layin a miƙe daga sifili. Sa ɗigo a kusa da farko yadda digiri 2 ko 3 na fari ba sa yin kusan komai, sannan layin ya tashi a hankali zuwa wajen digiri 10, daga nan ya miƙe sama. Amfanin wannan, in kana daf da sauka kana kallon titi, numfashinka da ɗan rawar wuya ba za su girgiza hoton ba. Amma kada ka faɗaɗa mataccen wurin da yawa, don in ya yi faɗi kallo zai riƙa maƙalewa a tsakiya sannan ya ɓalle da ƙarfi, wannan ne ke kawo jiri.

Pitch, ɗagawa da sunkuyarwa, wuya ba ya tafiya da nisa a nan, digiri 15 zuwa 20 ya ba da 70 ko 80. Roll, karkatar da kunne wajen kafaɗa, ka bar shi ɗaya da ɗaya ko ƙasa da haka, wasu ma kashe shi suke yi. Z, matsawa gaba, shi ne abin da na fi ƙauna a duk na'urar, ka sunkuya ka karanta ƙananan lambobin rediyo ka koma. X, matsawa gefe, yana ba ka damar leƙa gefen ƙarfen taga. Y, matsawa sama da ƙasa, ka rage shi ƙwarai, in ba haka ba duk gyaran zama sai kanka ya fasa rufi.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka tashi da shi minti 10, sannan ka taɓa wani. In hoton yana rawa alhali kanka a tsaye yake, ƙara Smoothing na Accela kaɗan. In yana biyo ka a makare, rage. Ka ajiye saiti daban ga kowane wasa, da sunansa. Kwana biyun farko kada ka wuce minti 20 a zama ɗaya, in ka ji kai ya yi nauyi ka tashi ka sha iska.

Tashin gwaji

Zaɓi filin Garwa, lambarsa FKKR, da Cessna 172, da rana tsaka ba iska. Mutanen Marwa su sa FKKL, na Njamena FTTJ. Kafin ka saki birki, danna Center, ka dubi fiffiken hagu, ka dubi na dama, ka sunkuya ka karanta agogon mai. Tashi ta titi na 09, hanci na duban gabas, Binuwai tana can hannun damanka. Hau ƙafa 1,000 bisa filin kana juyawa hagu sau biyu har ka fuskanci yamma. Yanzu titin yana kwance ta tagar hagu, ka riƙa ɗan waiwayawa kana auna tazararku, hannuwanka biyu ba su bar inda suke ba. Rage mai in ka zo daidai da bakin titin, ka ci gaba kana waiwaye har bakin ya koma bayan kafaɗarka da kamar digiri 45. Nan za ka karya hagu. In a wannan wurin sai da ka murɗe wuya kafin ka hango titin, ɗaga ƙarshen zanen Yaw da digiri 10 ko 15. In kuma ka wuce shi kallo ya faɗa kujerar baya, sauke shi. Karya ta ƙarshe, ka daidaita hanci da farin layin tsakiya, gudu wajen not 65 a agogon gudun jirgin, ka duba ko hoton ya tsaya cik ko yana ɗan rawa, don wannan ne zai gaya maka ko ɗigon farkon zanen yana inda ya kamata.